Majami'a ce ko kanti? Yadda masu bi suka koma kwastomomi

Dattijo Bulus:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai maganar da na daɗe ina taunawa, yau dai na ce bari in furzar a nan zauren kowa ya faɗi nasa. Ku saurari hirar da muke yi in an tashi daga sujada yanzu. Yau waƙoƙin ba su yi min ba, wa'azin ya yi tsawo, wancan cocin na bakin titi sun fi mu kayan sauti ga esi. Mutum ya je gaban Allah amma ya dawo yana ba da maki kamar wanda ya ci tuwon saye. Mu shugabanni kuma da muka gane haka sai muka fara gyara kaya daidai da bakin mai saye, a rage wa'azi, a ƙara kiɗa, kar a taɓo zunubin da zai ɓata wa mai babban baiko rai. Tambayata ita ce, wannan halin na zamani da komai sai na zaɓa, in bai yi min ba in canza, bai riga ya cinye mana bangaskiya ba kuwa?

Maman Rahila:
Baba ka sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Ina nan ina jin amsoshi.

Ishaku na Teksas:
Ranka ya daɗe Baba, ai abin da kake gani reshe ne, saiwar tana nan Amurka inda nake zaune, kuma su ba ɓoyewa suka yi ba, da gangan aka tsara shi. A 1955 wani fasto Robert Schuller ya fara cocinsa a Kalifoniya a filin da ake kallon fim daga cikin mota, mutane su zo su faka su ji wa'azi ba sai sun fito ba balle su gaisa da wani, daga baya ya gina Crystal Cathedral, gini na gilashi zalla, kuma shi da bakinsa ya kwatanta harabar da rukunin kantuna na Yesu. A 1975 kuma wani fasto Bill Hybels kafin ya buɗe cocin Willow Creek kusa da Shikago sai da shi da abokansa suka bi gida gida suna tambayar mutane me ya hana ku zuwa coci, aka ce musu kullum roƙon kuɗi, ga gundura, ga wa'azin da ba ruwansa da rayuwarmu, ga sa mutum ya ji yana da laifi. Sai suka gina cocin bisa waɗannan amsoshin, wasan kwaikwayo, kiɗa mai kyau, wurin cin abinci a ciki, har gicciye ba su kafa a zauren sujada ba don kar baƙo ya takura. Dubban fastoci daga ko'ina a duniya suka riƙa zuwa koyon salon. To ku ji ƙarshen labarin, a 2007 Willow Creek ɗin da kanta ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan membobinta, suka kira shi Reveal, sai ga shi yawan shiga shirye-shiryen coci bai sa mutane sun ƙara girma cikin ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu sun ce ko dai sun tsaya cik ko kuma ba su gamsu ba, kuma da yawa daga marasa gamsuwar su ne waɗanda suka fi nisa cikin bangaskiya. Hybels ya yarda a bainar jama'a cewa sun yi kuskure da ba su koya wa mutane karanta Littafi da kansu ba. Gidan gilashin Schuller kuwa bashi ya karya shi a 2010, 'yan Katolika suka saye shi dala miliyan 57.5.

Dauda Kibod:
Da girmamawa iyayena, amma ni kam ban yarda ba. Duk lokacin da aka tashi wannan maganar mu matasa da kayan kiɗanmu ake nufi. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza. Manzo Bulus da kansa a 1 Korantiyawa 9 ya ce ya zama kowane irin abu ga kowane irin mutum don ya ceci waɗansu. Mene ne laifin majami'a mai tsabta da lasifikar da ba ta ƙara kamar injin niƙa? Sai mun zauna a bencin da ƙusa ke yaga zani sannan za a ce muna da ruhaniya? Lokacin da aka fara shigo da ganga da shantu cikin sujada ma ai an ce duniya ta shigo coci, yau ga shi babu wanda ya kai zumuntar mata kaɗa su.

Dattijo Bulus:
Ɗana Dauda kwantar da hankalinka, ban ambaci kibod ɗinka ba. Sayi lasifikar da ta fi kowacce. Abin da nake tambaya shi ne wa ake neman ya ji daɗi.

Fasto Yohanna:
Bari in shigo daga inda nake gani kullum, don ni a wurina ba kiɗa ne ya mutu ba, horo ne ya mutu. Da in mutum ya faɗi cikin zunubi a fili dattawa za su zauna da shi, a sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji har sai an ga tuba, ran da za a dawo da shi kuma ka ga ikilisiya gaba ɗaya ana murna wasu har da hawaye. Abin yana da zafi amma yana warkarwa don mutumin ba shi da wani gidan sai wannan. Yanzu fa? Na taɓa zama da wani magidanci a wata ikilisiya da na yi hidima, ya bar matarsa da yara ba abinci ya tare wani wuri, muka kira shi da dattawa cikin ofis, ya zauna yana juya makullin mota a yatsa har muka gama, ya ce ya ji, ya tashi. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga hotonsa a Facebook a wata majami'a da ba ta da nisa da mu, an rataya masa kyalle a kafaɗa wai shugaban kwamitin gini. Ba wanda ya tambaye shi takarda daga inda ya fito. Wannan shi ne abin da Baba yake faɗa, kwastoma ba a yi masa horo, lallaɓa shi ake yi, in ka matsa masa ya koma shagon gaba. Kuma ba zan ɓoye ba, fastoci da yawa yanzu kafin su yi wa'azi a kan cin hanci ko zina sai sun fara leƙa wa ke zaune a layin gaba, don a ƙarshen wata lissafin da ake tambayarsu shi ne mutum nawa, baiko nawa. Ba fom ɗin da ke da gurbin mutum nawa suka daina ƙarya.

Maman Rahila:
Baba Fasto ka bar maza, zo ka ga namu. Anko kawai ya isa ya raba zumunta biyu. Ranar mata anko, taron gunduma anko, bikin godiya anko, auren 'yar shugaba anko, kuma ba atamfar talaka ake zaɓowa ba. Akwai wata gwauruwa a wurinmu mai soya ƙosai, muryarta ce ke ɗaga waƙa in mun fito, shekarar da ta wuce da aka fitar da atamfa ta kasa saye sai ta daina zuwa gwajin waƙa, ran taron na hango ta can baya kusa da ƙofa da tsohon zaninta tana bin waƙar da leɓe kawai. Ba wanda ya kore ta fa, kunya ce ta kore ta. Na je gida na buɗe Yaƙub sura 2 inda ake maganar mai zoben zinariya da matalauci mai tsumma, na ce to mu kam ba ma sai mun ce masa zauna a ƙasa ba, farashin atamfa ya riga ya faɗa masa.

Saratu Jos:
Mama wannan gaskiya ne, har da bikin godiya da ya koma gwanjo, a ɗaga doya ɗaya ana kiran farashi da makirufo ana tafi, wanda ba shi da shi ya sunkuyar da kai.

Malam Habila:
Ni ina ganin kuna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Ba'amurke da Ishaku ke magana ya ƙoshi ne, yana zaɓen coci yadda ransa ke so. Namu mutumin yunwa ce ke kora shi. Ku tuna yaushe bisharar wadata ta yi ƙarfi a ƙasar nan, ai bayan 1986 ne da aka kawo SAP, tsarin nan na tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi albashi ya zama ba ya kai ko'ina, ga asibiti ba magani. Mace ɗanta ba lafiya ba ta da kuɗin gwaji, wani ya ce mata shuka iri Allah zai ninka miki, kawo dubu biyu ki karɓi man shafewa, za ka kira ta kwastoma? Mai neman tsira ce. Yanzu ma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ku duba yadda fostocin daren buɗe ƙofofi suka ƙaru a kan kowace katanga. In za a yi faɗa a yi da masu sayarwa, a bar masu saye.

Ishaku na Teksas:
Malam Habila ka yi magana, amma kayan da ake sayar wa matar nan ma daga nan aka yi odarsa. Koyarwar shuka iri wani mai wa'azi Oral Roberts ne ya yaɗa ta daga Oklahoma, Benson Idahosa na birnin Benin wanda ake ɗauka uban wannan tafiyar a Najeriya ya yi ɗan karatu a makarantar Christ for the Nations da ke Dallas kuma ya yi alaƙa ta kusa da masu wa'azin nan na Amurka. A nan ma ba masu kuɗi ne suka fi tura kuɗin irin ba, talakawa ne da tsofaffi masu kallon talabijin. A 2015 fasto Creflo Dollar ya roƙi mabiyansa su haɗa masa dala miliyan 65 na sayen jirgin sama, a 2018 Jesse Duplantis ya nemi nasa na miliyan 54. Har wani ya buɗe shafi a Instagram a 2019 mai suna PreachersNSneakers, aikinsa kawai ya sa hoton fasto a kan bagade sannan ya sa farashin takalmin da ke ƙafarsa a gefe, wasu sun haura dala dubu. Mai ƙoshi ana sayar masa da jin daɗi, mai yunwa ana sayar masa da bege, amma duka biyun an koya musu cewa Allah wani ne da kake biya ya yi maka aiki.

Malam Habila:
To a nan mun haɗu. Amma ina nan kan bakata, nauyin ba ɗaya ba ne.

Fasto Yohanna:
Malaman tauhidi na Afirka ma sun zauna a kan wannan ƙarƙashin Lausanne, ƙungiyar masu bishara ta duniya, a Akropong ta Gana a 2008 da 2009, kuma sun faɗi duka biyun, sun yarda talauci da gazawar gwamnatoci ne ke ba koyarwar nan taki, sun kuma ce koyarwar ƙarya ce mai azurta masu wa'azinta ta bar jama'a yadda suke. Abin da ya kamata mu na tsofaffin ikilisiyoyi mu ji kunya a kai shi ne mun zage ta a bagade sannan muka kwafe salonta ta ƙofar baya don kar matasanmu su gudu.

Dauda Kibod:
Yawwa Baba Fasto, to me ya sa suke gudun? Wannan ne ba a so a faɗa. Saurayi ya gama makaranta ba aiki, ya zo coci shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya kake ci, sai sanarwa ta minti arba'in da karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin gini ba. Ya je can aka tare shi a ƙofa da murmushi, aka karɓi lambarsa, Litinin aka kira shi. Ku kira shi talla in kun ga dama amma shi a wurinsa kulawa ce. In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Maman Rahila:
Dauda yau kam ka faɗi gaskiya, ba zan iya musu ba.

Dattijo Bulus:
Na karɓa ɗana, sakacinmu yana ciki. Sai dai ka bi saurayin nan bayan shekara biyu ka gani, yawanci ya riga ya wuce coci na uku, don wanda aka kama da murmushi wani mai faɗin murmushi zai ƙwace shi. A Yahaya sura 6 taro sun bi Yesu don sun ci gurasa sun ƙoshi, ya faɗa musu haka a fuskarsu, da ya yi musu koyarwa mai wuya da yawa suka juya, bai bi su yana cewa ku dawo mu sasanta ba, sai ma ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi. Wane fasto ne a cikinmu zai iya wannan tambayar yau da bashin rufin kwano a wuyansa?

Naomi Mubi:
Ina ta karantawa ban so in yi magana ba amma bari in ce wani abu. Mu da muka gudu a Oktoban 2014 lokacin da Boko Haram suka ci Mubi suka kuma mamaye hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi, mun kwana a kan duwatsu wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Ba janareto, ba fosta, ba wanda ya tuna da man shafewa. Abin da ya riƙe mu waƙoƙin da muka haddace tun muna yara a makarantar Lahadi ne da Zabura ta 23 da ta 46, tsohuwa ɗaya ta ɗauko waƙa a hankali saura su amsa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne 'ya'yana yanzu ba su da ko waƙa ɗaya a ka daga farko zuwa ƙarshe, komai a allo ake haska musu, wata uku an canza sabuwa ta fito. Kuma in an koya wa yaro cewa alamar Allah yana tare da kai ita ce mota da biza, ran da aka ƙona gidanku me zai ce Allah ya yi?

Saratu Jos:
Kai 'yar'uwa. Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ku.

Malam Habila:
Naomi ba ni da abin cewa a kan wannan. Amma Ishaku ina da tambaya, kullum ana cewa salon kasuwa ne ya kashe cocin Amurka, alhali tsofaffin ɗarikunsu da ba su taɓa yin wannan salon ba su ma suna ta raguwa, wasu ma sun fi saurin raguwa. Ba za a ɗora wa abu ɗaya komai ba.

Ishaku na Teksas:
Haka ne, raguwar ta kowa ce. Gallup sun nuna a 1999 kashi 70 cikin ɗari na Amurkawa suna da rajista a wani wurin ibada, a 2020 ya sauko 47. Southern Baptist da ta fi kowace ɗarikar masu bishara girma ta kai miliyan 16.3 a 2006, a 2023 ta faɗo ƙasa da miliyan 13. Dalilan da yawa, siyasa tana ciki, abin kunyar shugabanni yana ciki. Amma ka lura salon kasuwar an kawo shi ne da alkawarin shi ne maganin raguwar, sai ya zama manya suna kumbura ƙananan na unguwa suna rufewa, tumakin ne dai suke canza garke. Kuma in an gina komai a kan sunan mutum ɗaya to ran da ya faɗi shi ke nan, ikilisiyar Mars Hill a Seattle tana tara dubbai a rassa da yawa, fastonta Mark Driscoll ya sauka a Oktoban 2014, kafin shekara ta ƙare an sanar da rushe ta. Korona kuma ta zo ta ƙarasa, mutane suka saba da sujada a YouTube daga kan gado, waƙa daga wannan cocin wa'azi daga wancan, ba mai ganinka ba mai tambayarka, da yawa har yau ba su koma ba.

Iliya Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ba mu da yawa, a garuruwa da dama majami'a ɗaya ce tal, in kun ɓata da ɗan'uwa dole ku shirya don Lahadi mai zuwa benci ɗaya za ku zauna. Amma waya ta kawo mana kasuwar har ɗaka, matasanmu suna kallon manyan fastocin Legas da Abuja sai su fara raina nasu faston da ke zuwa a kan tsohon babur, wai ba shi da shafewa.

Dattijo Bulus:
Iliya ka tuna min da abin da ya fi ci min rai. 'Yan mishan nan Walter Gowans da Thomas Kent da suka zo Najeriya da abokinsu Rowland Bingham a 1893 ba su yi shekara biyu ba suka mutu, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Kakanninmu da suka karɓi bishara, tun kafin ɗarikar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954 suke tara dawa da kwabo suna aika masu bishara nasu zuwa ƙauyuka, manoma ne fa marasa takalmi. Yau na zauna a taron kasafi a wata ikilisiya a birni, an amince da kuɗin babban allo da tayil da fentin ƙofar shiga ba gardama ko ɗaya, da aka zo kan alawus ɗin mai bishararmu na ƙauye da ya yi watanni bai gani ba sai aka ce a jira bayan bikin godiya. Mutumin yana zaune a wurin da jakar leda a cinyarsa, ya zo da rahotonsa rubuce da hannu, bai ce uffan ba. Allon kowa zai gani ran Lahadi, shi kuwa aikinsa ba mai gani.

Dauda Kibod:
Wannan kam ba daidai ba ne Baba. Amma allon nan mu aka ce mun roƙa, alhali mu igiyar jita kawai muka nema.

Fasto Yohanna:
Hahaha Dauda. To ni ga abin da zan gwada, a taron fastocin garinmu na wata mai zuwa zan kawo maganar takardar canjin ikilisiya, duk wanda ya zo daga wata majami'a a tuntuɓi inda ya fito kafin a ba shi wani muƙami. Na san wasu za su ce ina tsoron a kwashe min mutane ne.

Malam Habila:
Za su faɗa kuwa. Kuma wanda ya fi kowa karɓar 'yan gudun horo ba zai zo taron ba.

Maman Rahila:
Ni dai ran Alhamis zan tashi a zumunta in ce bana kowa ta sa wanda take da shi, tsohon ankon bara ma bai koɗe ba. Saratu ki zo da wuri ki zauna kusa da ni don na san matar ma'aji ta riga ta yi magana da mai atamfa a kasuwa.

Saratu Jos:
Zan zo Mama, amma ke za ki fara magana.